Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Jarraba Kwamfuta Kafin Ɗaukar Kiɗa

FILIN KIMIYYA DA SANA'A

Wannan mako filin ya waiwayi samarin nan masu sana'ar ɗaukar sauti, waɗanda akan gani a gidajen biki da ƙofar fada da zaurukan taro, da kwamfutar tafi-da-gidanka a jaka, da ƙullin wayoyi a kafaɗa. Sana'a ce da ta bunƙasa ƙwarai, tun daga Kano da Kaduna da Jos har unguwannin Hausawa na Ikko, amma akwai wani sashe nata wanda akasarin masu yin ta ba su tunawa da shi sai ranar da ya kunyata su, watau jarraba ita kwamfutar kafin a dogara gare ta.

Duk wanda ya taɓa sauraron tsofaffin kaset na Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ko na Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ko na Hajiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ya san cewa waɗanda aka ɗauka a wurin wasa sau da yawa da makirfo guda aka ɗauke su, a tsakiyar taro. Muryar mawaƙi da ta 'yan amshi, da kotso ko kalangu ko ƙwarya, da guɗar mata da kirarin maroƙa, duk sun cakuɗe wuri ɗaya. Ko manhajojin zamani masu ƙoƙarin tace murya daga kiɗa ba su iya maido da abin da makirfo bai kama ba tun farko. Waɗancan gwanaye sun riga sun tafi. Amma akwai sauran irinsu da rai a garuruwa da ƙauyuka, kuma kayan da za a adana fasaharsu da kyau sun zo hannun talaka. Abin da ya rage shi ne kada kayan su ci amana a ranar da ake bukatarsu.

MENE NE ƊAUKA LAYI-LAYI?

Ɗaukar sauti layi-layi ita ce a ba kowace murya da kowane abin kiɗa nasa makirfo, kowane makirfo kuma ya bi tasa hanya har cikin na'ura, a ajiye abin da ya kama daban. In an koma gida sai mai aiki ya zauna a tsanake ya daidaita. Ya ɗaga muryar mawaƙi in kalangu ya danne ta, ya sassauta algaita in ta yi tsini, ya matso da 'yan amshi kusa in sun yi nisa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1957 kamfanin Ampex na Amurka ya miƙa wa makaɗin jita Les Paul rikoda mai layi 8. 'Yan ƙungiyar Beatles ta Ingila kuwa da rikoda mai layi 4 suka yi shahararren faifansu na 1967. A nan Nijeriya, a 1973 makaɗin ganga ɗan Ingila Ginger Baker ya buɗe situdiyo mai layi 16 a Ikeja, kuma a cikin shekarar ce Paul McCartney ya zo Ikko ya yi aiki a situdiyon EMI da rikoda mai layi 8. Irin waɗannan na'urori girmansu kamar kabad, ɗaukarsu sai ƙarti, sayensu kuwa sai kamfani. A 1979 kamfanin TEAC na Japan ya fito da Portastudio, mai ɗaukar layi 4 a kan kaset irin na kowa, sa'an nan daga 1991, da fitowar manhajar Pro Tools, aikin ya yi ta karkata zuwa cikin kwamfuta. Yau saurayi ɗaya na iya rataya abin da ya fi situdiyon Ikeja yawan layuka, ya hau babur ya nufi ƙauye.

To, amma fa akwai bambanci. Rikodar dā aikinta ɗaya tak, ta juya zare ta ɗauki sauti, ba ta san wani abu ba bayan wannan. Kwamfuta kuwa 'yar aiken kowa ce. A lokacin da take ɗaukar waƙa, a lokacin ne take leƙen intanet, tana auna batir, tana zana hoto a allo, tana binciken ƙwayoyin cuta. Daga nan ne matsala take fitowa.

A ƙaddara an gayyaci wani saurayi ya ɗauki wasan wani tsohon makaɗin fada, wanda shekaru suka ja, ba kullum yake iya tara yaransa ba. Saurayi ya jera makirfo goma sha biyu, ya kunna kwamfuta sabuwa ful, ya ga fitilu suna rawa a allo, hankalinsa ya kwanta. Aka yi awa biyu ana wasa, aka watse. Da ya koma gida ya sa kunne, sai ya ji daga minti na arba'in wani ɗan ƙas-ƙas yana ratsa sautin, can kuma rabin kalma ta ɓace, daidai inda tsohon yake jero sunayen sarakunan da suka gabata. Ya duba layi na ɗaya, ya duba na goma sha biyu, duk a wuri ɗaya suka tsinke, domin in kwamfuta ta yi tuntuɓe da dukan layukan take yi. A situdiyo akan ce wa mawaƙi ya maimaita. A ƙofar fada kuwa babu wannan dama, abin da ya zube ya zube.

FAMFO DA BOKITI

Domin a gane inda tuntuɓen yake, sai a san yadda sauti ke shiga kwamfuta. Wayoyin makirfo suna shiga wani akwati da ake jonawa da kwamfuta ta wayar USB, watau akwatin sauti, wanda 'yan situdiyo ke kira sawun-kad. Aikin akwatin shi ne ya riƙa auna ƙarfin sauti yana mai da shi lambobi, kuma a tsarin da aka fi amfani da shi wajen aikin fim da rediyo yakan auna kowane layi sau 48,000 a cikin sakan guda.

A kwatanta waɗannan lambobi da ruwan famfon da ba a iya rufewa. Ana tara bokiti, in ya cika a janye a tara wani, a ruga da na farko a juye a randa, a dawo kafin na biyu ya cika. Muddin mai jigila ya dawo a kan kari, ko ɗigo ba zai zube ba. In kuwa ya tsaya gaisawa a hanya sau ɗaya, ruwa ya malala ƙasa, kuma ba a kwashe shi. Wannan bokiti shi masu sana'a ke kira bafa, girmansa kuwa mai aiki ne ke zaɓa. In bokitin mai cin awo 128 ne, zai cika a cikin milisakan 2.7, shi milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. In mai cin 256 ne, milisakan 5.3. In mai cin 1,024 ne, milisakan 21 da 'yan kai. Watau da ƙaramin bokiti, tilas kwamfuta ta je ta dawo sau 375 a kowane sakan, har wasa ya ƙare, ba tare da makara ko sau ɗaya ba.

Abin mamaki shi ne ruwan kansa ba shi da yawa. Layi ɗaya, a awo 48,000 da zurfin bit 24, yana cin bayit 144,000 a sakan, watau kimanin megabayit 518 a awa. Layi 16 suna cin kimanin megabayit 2.3 a sakan, ko gigabayit 8.3 a awa. Wannan bai kai komai ba ga kwamfutar zamani, ko tsohuwar hanyar USB 2.0 mai ɗaukar megabit 480 a sakan ta ishe shi har da rara mai yawa. Saboda haka tsadar kwamfuta da girman furosesarta ba su ne ma'auni ba. Akan sami laftof mai tsada wadda aka ƙera don wasannin bidiyo tana tsinka sauti, alhali kuwa wata tsohuwa ta ofis tana kwana tana ɗauka lafiya lau. Abin da aikin nan yake so shi ne cika alkawari a kan lokaci.

MASINJOJI MASU KUTSE

Me ke sa mai jigila ya makara? A cikin kwamfuta mai amfani da Windows, a ɗauki furosesa, watau ƙwaƙwalwar na'urar, kamar akawu ne a ofis, jama'a sun yi layi a gabansa, manhajar ɗaukar sauti tana cikinsu. To, akwai waɗansu masinjoji da doka ta ba su izinin kutsawa gaba ba tare da bin layi ba. Su ne direbobi, watau ƙananan manhajojin da ke kula da sassan na'ura, irin su na Wi-Fi da na hoton allo da na batir da na Bluetooth. In ɗayansu ya shigo, akawu yakan ajiye abin da ke hannunsa ya saurare shi. A harshen masana ana kiran irin wannan aikin kutse DPC. Kamfanin Microsoft da kansa ya shawarci masu rubuta direbobi kada irin wannan aiki ya wuce maikurosakan 100, watau kashi ɗaya cikin goma na milisakan. Amma ba kowane direba ke bin shawarar ba. In wani ya riƙe akawu milisakan uku ko huɗu, alhali bokiti yana cika a 2.7, to ruwa ya zube. Mai rubuta wasiƙa ko mai kallon fim ba zai taɓa lura da wannan ɗan jinkiri ba, shi ya sa mai sayar da kwamfuta zai iya rantsewa lafiyarta ƙalau, kuma bai yi ƙarya ba.

Akwai wata manhaja mai suna LatencyMon, ta kamfanin Resplendence, wadda aka yi domin kama irin waɗannan masinjoji. Akan kunna ta a bar ta tana aiki, ita kuwa tana rubuta jinkiri mafi tsawo da ta gani, da sunan direban da ya jawo shi, sa'an nan ta faɗi ra'ayinta ko na'urar ta dace da aikin sauti. Sunayen da aka fi cin karo da su su ne ndis.sys, wanda ya shafi hanyar sadarwa da Wi-Fi, da ACPI.sys, wanda ya shafi batir da sarrafa wuta, da nvlddmkm.sys, na katin hoton NVIDIA. Kuskuren da akan yi shi ne a kunna ta minti biyu, a ga rubutu kore, a rufe. Waɗansu masinjojin sai bayan minti ashirin ko talatin suke leƙowa. Ya kamata a ba ta aƙalla rabin awa, da akwatin sauti a jone, da caja a jiki, sa'an nan a sake ba ta wani lokacin a kan batir kaɗai.

Wanda zai sayi laftof domin wannan sana'a, ko sabuwa ko ta hannu, ko a Computer Village ta Ikeja ko a Farm Centre ta Kano, zai yi wa kansa gata in ya tafi da wannan manhaja a filasha, ya roƙi mai shago ya bari a gwada kafin a biya. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Matsalar Wi-Fi tana da sauƙi, domin ana iya kashe shi. Amma in laifin yana cikin tsarin sarrafa wutar na'urar ne, sau da yawa babu abin da mai ita zai iya, sai dai in kamfanin da ya ƙera ta ya fito da gyara. Kwamfutocin Mac suna da nasu tsarin sauti mai suna Core Audio, kuma LatencyMon ba ta aiki a kansu, amma su ma ba su tsira daga sauran gwaje-gwajen da za a ambata ba.

GYARE-GYAREN DA SUKA KAMATA

Na farko shi ne direban akwatin sauti. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Steinberg na Jamus, masu manhajar Cubase, suka fito da wani tsari mai suna ASIO, wanda ke ba manhajar ɗauka damar magana da akwatin sauti kai tsaye, ba tare da ratsa dogon zagayen Windows ba. A nemi direban ASIO na ainihin kamfanin da ya ƙera akwatin. Akwai wani na gama-gari mai suna ASIO4ALL wanda ya yaɗu a hannun samari, yana da ranarsa ga wanda ba shi da akwati, amma bai kamata ya maye gurbin na asali ba.

Na biyu shi ne girman bokiti. Waɗansu suna ɗaukar ƙaramin bafa kamar abin alfahari. Gaskiya ne yana da amfani a situdiyo, inda mawaƙi ke jin muryarsa ta cikin kwamfuta, ko mai fiyano ke kaɗa sautin da ke cikin manhaja, domin in jinkiri ya yi yawa sai mutum ya ji kamar wani ke kwaikwayonsa a baya. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan, saboda haka jinkirin milisakan 10 daidai yake da tsayawa mita uku da rabi daga lasifika, kuma yawancin mutane ba su damuwa da abin da bai kai haka ba. Amma a wurin wasa, inda makaɗa ke jin junansu da kunnuwansu, ƙaramin bokiti ba ya ƙara komai sai kasada. A ɗaga shi zuwa 1,024 ko ma 2,048. Girman bafa ba ya rage kyan sautin da aka ɗauka ko kaɗan. In kuwa lalle sai wani ya saurari kansa, yawancin akwatunan sauti suna da maɓallin da ke mai da murya kunne kai tsaye tun kafin ta shiga kwamfuta.

Na uku shi ne tsarin wuta. An ƙera laftof ne da halin tattalin batir, da ta ga aiki ya lafa sai ta rage gudu, ta sa waɗansu sassa barci. A shiga wurin saitin wuta a zaɓi tsarin da ke ba ta cikakken ƙarfi, a hana ta barci, a hana ta kashe ramukan USB don tsimi, a kuma hana ta kwantawa in an rufe murfi, domin a cikin cunkoson biki hannun yaro ko gefen babbar riga na iya rufe shi.

Na huɗu shi ne sallamar 'yan rakiya. A kashe Wi-Fi da Bluetooth, a rufe manhajar shiga intanet da duk masu kwafe fayiloli zuwa ma'ajiyar intanet irin su OneDrive, a ɗage binciken ƙwayoyin cuta zuwa wani lokaci, a dakatar da sabuntawar Windows, a kuma kashe ƙararrawar saƙonni. A cikin manhajar ɗauka ma, kada a ɗora kayan ƙawata murya a kan layuka yayin da ake ɗauka. Wannan aikin gida ne.

Na biyar shi ne ma'ajiya. Faifan SSD ya fi tsohon faifai mai juyawa dacewa, ba don sauri kaɗai ba, har don ba ya jin girgiza, ga shi kuwa tambari da manyan lasifikoki suna girgiza tebur. A lissafa wurin da ake bukata tun da wuri: wasan awa uku a layi 16 zai ci kusan gigabayit 25, sai a tanadi ninkinsa. In faifan waje za a yi amfani da shi, a tabbata ba a tsarin FAT32 yake ba, domin wannan tsari ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gigabayit 4, kuma manhajar da ke haɗa layi 16 a fayil ɗaya za ta kai wannan iyaka cikin kusan rabin awa. Sa'an nan akwatin sauti ya sami nasa rami a jikin kwamfuta, kada a haɗa shi da linzami da filasha a kan reshe ɗaya.

Duk waɗannan a riƙa yin su ɗaya bayan ɗaya, ana gwadawa, ana rubutawa a littafi. Wanda ya sauya abu goma a lokaci guda, ko ya dace ba zai san wanne ya yi magani ba, in kuma ya ɓata ba zai san inda zai koma ba.

WUTA DA ZAFI

Akwai abokan gaba biyu waɗanda littattafan Turai ba su cika damuwa da su ba, amma a ƙasar nan su ne kan gaba. Na ɗaya wutar lantarki. Wutar Nijeriya da ta Nijar tana kaɗawa sau 50 a sakan, kuma in haɗin wayoyi bai yi daidai ba wannan kaɗawa takan shiga sauti ta zama wani gurnani mai kauri a ƙarƙashin waƙa. Cajar laftof, musamman jabu, takan ƙara nata tsiwa. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗaga sauti a hedifon, a zare caja. In ƙarar ta ɗauke, an kama ɓarawo. Maganin shi ne caja ta asali, da jona dukan kayan sauti a soket guda, da amfani da wayoyin makirfo masu ƙafa uku, da sa akwatin raba wuta tsakanin kayan mai ɗauka da na masu lasifika in an haɗa su. Waɗansu sukan karya ƙafar filogi ta uku, watau ta ƙasa, don su kashe gurnanin. Wannan ganganci ne, domin ƙafar nan ita ce ke kare ran mai riƙe da makirfo in waya ta lalace.

Har ila yau, a tuna cewa in an ɗauke wuta laftof za ta ci gaba da batir, amma babban akwatin sauti ko mikisa mai cin wutar soket zai mutu nan take, ɗauka kuma ta tsaya. Saboda haka a sa su a kan UPS ko inbata, a kuma gwada da gangan: ana cikin ɗauka a kashe soket, a kunna janareta, a ga abin da zai faru. Waɗansu laftof sukan yi tuntuɓe daidai lokacin da suka koma batir, waɗansu kuma sukan rage gudu.

Abokin gaba na biyu shi ne zafi. Furosesa in ta doshi digiri 100 a ma'aunin Salshiyas takan rage gudun kanta don kada ta ƙone. A watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan kai digiri 40 ko ya zarce, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka tun watannin baya. Kwamfutar da ta yi lafiya a ɗaki mai sanyi da safe tana iya gazawa a ƙarƙashin rumfa da azahar, kuma wannan yana daga cikin dalilan da ke sa matsala ta ƙi bayyana sai bayan minti talatin ko arba'in. A kai ta a share fanka, a ɗora ta a kan katako ko tebur inda iska za ta ratsa ƙarƙashinta, kada a kan darduma ko matashi, a kuma nema mata inuwa.

BABBAN GWAJI

Bayan an gama gyara, sai jarrabawa ta ƙarshe, wadda ita ce ke yanke hukunci. Ƙa'idarta ita ce a ɗora wa na'ura abin da ya fi na ranar aiki nauyi. In layi 12 za a ɗauka, a buɗe 16. In wasan awa biyu ne, a bar ta awa uku ko huɗu. A yi da akwatin da za a tafi da shi, da wayoyin, da faifan, da cajar, a lokacin zafin rana.

Sauraron awa huɗu na shiru ba zai nuna komai ba, saboda haka masu sana'a suna da dabara. Akan tura wani siririn sauti mai tsayawa a murya ɗaya, misali mai kaɗawa sau 1,000 a sakan, daga wata na'ura ko daga mafitar akwatin zuwa mashigarsa, a ɗauke shi tun daga farko har ƙarshe. Irin wannan sauti santsi gare shi kamar zare, saboda haka ko ƙanƙanin tsinkewa zai fito fili a kunne, kuma in an buɗe hoton sautin a manhaja za a ga tabonsa kamar tsaga. Waɗansu manhajoji ma sukan taimaka: Audacity takan sa alama a inda ta lura sauti ya zube, FL Studio kuma tana ƙirga sau nawa bokiti ya kuɓuce mata. Sakamakon da ake karɓa ɗaya ne, watau babu tsinkewa ko guda. Wanda ya ga ɗaya ya ce ai ɗaya ce kawai, ya tuna cewa ba shi ne zai zaɓi inda za ta faɗo ranar wasa ba.

In kwamfuta ta ci wannan jarrabawa, to a ƙyale ta haka. Kada a sabunta Windows ko direba ko manhaja a daren jajibiri. Duk sauyin da aka yi, komai ƙanƙantarsa, ya rushe shaidar da aka samu, sai an sake gwaji.

RANAR AIKI

A isa da wuri, a sake kunna kwamfuta daga farko, a ɗauki minti biyar na gwaji a saurara. A daidaita ƙarfin kowane makirfo yadda allurar awo za ta riƙa tsayawa wajen 18 zuwa 12 ƙasa da sifiri, domin makaɗi a wurin gwaji daban yake da makaɗi in an fara yi masa liƙi, kuma kalangu da kakaki ba su da ta-ido. A zurfin bit 24 wannan rata ba ta jawo hasarar komai, amma sautin da ya bugi rufi ya fashe ba ya gyaruwa. Da an danna maɓallin ɗauka, a cire hannu daga na'urar.

Bayan duk wannan, mai hankali yakan ajiye ƙaramar rikoda mai batir a gefe tana ɗaukar wasan gaba ɗaya a layi biyu. In Allah ya sa ba a bukace ta ba, ba a yi hasarar komai ba. Da an tashi kuma, kafin a kwance wayoyi, a kwafe aikin a faifai na biyu, a sa shi a wata jaka dabam.

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yini guda na gwaji a gida ba ya cin kuɗi sai haƙuri da ɗan man janareta. Tsohon makaɗin da ya tara yaransa ya zauna gaban makirfo kuwa, amana ya ba mai ɗauka, kuma wataƙila jikokinsa ba za su san muryarsa ba sai ta wannan faifai. Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, filin zai duba yadda ake jera makirfo a gaban kalangu da kotso da 'yan amshi. A huta lafiya.